Zaren Hayaƙi a Bindigar Kakanmu

Abin da na fara lura da shi da muka isa gidan Kawu a Doguwa shi ne hannuwan mutane. Maza biyar ne zaune a zaure, suna miƙo wa Babanmu hannu ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofa ina kallon ƙasa-ƙasa kamar yadda na saba. A cikin su biyar ɗin, biyu ne kawai yatsunsu suka cika goma.

Tun da muka dawo makaranta daga hutu ƙawayena Binta da Asabe suka hana ni sakat: yaya dajin Falgore yake, da gaske birai na tare mota, me ya kai ni gidan maharba. Kun san ni, in mutane suka wuce biyu a gabana bakina ƙin buɗewa yake yi. Shi ya sa na rubuta. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, amma a maido mini da littafina.

Ga abin da ya kai mu. A daminar bana ɓarayi sun kore shanun noma na gidaje biyu a unguwarmu a Yako. Mu ma bijimai biyu gare mu, da su ake huɗa. Babanmu tela ne, bai taɓa harbin ko kurciya ba, amma ya hau ya sauko da bindigar kakanmu daga rufin ɗaki, irin tsohuwar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya goge ta da man gyaɗa. Akwai wani wuri a jikin bututun, daidai inda hannun hagu ke riƙewa, da tsatsa ta ɓata, sai ya ce ba kyan gani, ya naɗe shi da jar fata ya ɗinke tsaf. Ni na zura masa zare a allura.

Ranar kasuwar Bebeji kuma ya dawo da wani ɗan gwangwani mai murfi. Wani mutum ne ya sayar masa, ya ce garin cikin harsashin bindigar Bature ne, ya ninka baƙin albarushinmu ƙarfi. Na leƙa. Ba baƙi ba ne, toka-toka ne, ƙanana kamar irin alayyafo.

Inna ta ce, "Malam, kafin ka zuba wannan abin a bindigar da ta girme ka, ka kai wa Yaya ya gani."

Yayan nata shi ne Kawu, Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinsu. Kwana biyu ana ja kafin Baba ya yarda. Ni kuma aka ce in bi shi in kai wa Iya, matar Kawu, daddawa da kuka. Sai da na ɗauki jakata Inna ta ja ni bayan rumbu.

"Hajara, ki zuba ido. Babanku ko ƙafarsa ya ɗauko a kafaɗa, in ya dawo ce mini zai yi an je lafiya."

Da sassafe babur ya kai mu Kwanar Dangora, bindiga naɗe cikin tabarma. Muka shiga ƙaramar bas zuwa Tudun Wada. Wata mata ta ɗora mini kaji biyu a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce, "Riƙe mini, 'yar makaranta." Na riƙe har Tudun Wada, ban iya ce mata ɗaya ta ɓata mini zane ba.

A Tudun Wada muka jima muna jiran motar Doguwa ta cika. Garin nan duk inda ka juya shinkafa ce: ana turarawa, ana shanyawa a bakin titi, ana aunawa. Wata Bafulatana ta zo tana tallan nono da yarensu, "Kosam, kosam!" Baba ya saya mana fura da nono. Da ta ga ina ta kallon ɗinkin da aka yi wa tsagar ƙwaryarta, ta yi dariya ta ce, "Wannan yarinya ba nono take sha ba, ƙwarya take sha da ido." Na sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Haka take. Ita ke gaya mini in ɗinkina ya karkace."

A bakin dajin Falgore akwai shinge, masu gadin daji na tsayar da kowace mota. Wani mai dogon gashin baki ya zagayo ya ɗaga tabarmarmu, ya ji nauyi.

"Malam, tabarmar taka ta sallah ce ko ta yaƙi?"

Baba ya ce akwai takardar izini, ya laluba aljihu uku bai same ta ba. Zufa ta karyo masa. A lokacin na tuna Inna ta sa ta cikin littafina don kada ta yage, littafin kuwa yana jaka ɗaya da daddawa. Na zaro ta na miƙa ta bayan kujera. Mai gadin ya buɗe, ya karanta, sannan ya kai ta hanci.

"Takarda ta yi daidai. In kun gama da ita a jefa a miya, ba sai an ƙara komai ba."

Mota duk ta kwashe da dariya. Ya ɗaure kunamar bindigar da igiya, ya ce kada a kwance sai mun fita daga gandu.

Ban taɓa ganin wuri irin dajin nan ba. Direba ya kashe kaset da kansa. Babu gona, babu bukka, babu ko akuya, itatuwa ne kawai sun haɗe kai. E, Asabe, birai na tare mota. Manya ne, suna zaune a tsakiyar kwalta, ba su tashi ba sai da suka ga dama. Wata na rungume da ɗanta, ta dube ni ta taga kamar ni ce na shigo mata gida ba sallama. Ai kuwa hakan ne.

Muna fita daga dajin sai duwatsu da gonakin rake da masara, da wani sanyi mai daɗi. Gidan Kawu na gefen gari, a gindin dutse. An ce in ka hau kansa kana hango inda ƙasar Kano ta ƙare.

A gidan nan sallama kashi biyu ce. Baba ya yi ta farko aka amsa, amma ba wanda ya ce ya shigo. Daga ciki Kawu ya ce, "Tela, saura." Ashe duk mai shiga da bindiga, bayan sallama sai ya ɗaga ta ya ce, "Bakinta sama," ko da babu komai a cikinta. Baba ya warware tabarma ya faɗa, sannan aka yi masa maraba. A nan na ga hannuwan da na gaya muku. Shi kansa Kawu yatsu uku ne a hannunsa na hagu.

Da na ɗaga kai kuma sai na ga bango. A gidanmu kalanda ce a zaure. A nasu, bututun bindigogi ne rataye, sun kai goma sha, kuma babu lafiyayye ko ɗaya. Wani ya tsage, wani ya kumbura, wani ya buɗe kamar an ɓare rake. Kowanne da sunansa, sunan wanda ya fashe a hannunsa. Ba a rubuta ba, amma kowa a gidan ya haddace.

Iya ta karɓe ni kamar ita ta haife ni. Ta ba ni tuwon masara da miyar karkashi, da wani busasshen nama da ban tambayi sunansa ba, da zuma a sakaina har da saƙarta. Mu a Yako zuma sai ba ka da lafiya ake ba ka cokali guda, su kuwa a kunu suke zubawa. Gadonta na ƙasa ne, da rami a ƙarƙashi inda ake sa garwashi saboda sanyin dutse. Na kwana ina jin kaina kamar waina a tanda, amma ban taɓa barci mai daɗinsa ba.

Kafin nan, bayan la'asar, Iya ta aike ni da ruwa zaure, na tarar an baje maganar da ta kawo mu. Na ajiye kwano na rakuɓe a bayan ƙofa, ba wanda ya kore ni. Kawu ya zuba garin gwangwanin a tafinsa yana juyawa. Kusa da shi akwai maƙwabcinsa, Kofur Tanimu, tsohon soja, ɗaya daga cikin masu yatsu goma.

Kofur ya ce, "Sarki, bar shi ya sa mai ƙarfi! Mu a soja, ko ƙaramar bindigar hannu, libarba, harsashinta iri biyu ne. Akwai na kullum, akwai mai zafi. Mai zafin in ya tashi ba ya tambayar hanya."

Kawu ya ce, "Kofur, ka faɗi rabin da kake so. Faɗa masa ɗaya rabin."

Kofur ya sosa ƙeya. "To... ba a sa shi sai a bindigar da aka ƙera dominsa. Kuma yana fizge hannu sama, kafin ka dawo da shi ka sake saiti an jima. Yana saurin cinye bindiga ma. Amma fa ƙara, Sarki! Ƙara!"

"Ƙara ai ko ganga tana da ita. Tela, garken shanunka ina yake?"

Baba ya ce, "Bayan ɗakin yara, Yaya."

"Me ya raba su?"

"Dangar kara ce."

"To, wanda ba ya tambayar hanya, in ya kuskure ɓarawo, a ɗakin wa zai sauka?"

Baba ya dubi gwangwanin. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Yaya, ni ba jarumi ba ne. Allura na sani. Wannan bindigar ɗuri ɗaya take ɗauka. In na harba sau ɗaya, kafin in sake ɗurawa an gama da ni, an tafi da shanun da nake ciyar da 'ya'yana da su. Shi ya sa nake son wannan ɗayan ya zama mai ƙarfi."

Ban taɓa jin Babanmu ya ce yana tsoron wani abu ba.

Kawu ya ce, "Ɗuri ɗaya gare ka, gaskiyarka. To ka so wanda ka tabbata ta gaba zai fita." Ya ɗaga hannunsa na hagu. "Mu da yatsu muke auna ɗuri. Ina saurayi na ce awon tsofaffi na matsorata ne, na ƙara. Bindiga ta rage mini yatsun daidai awon da take so, don kada in sake mantawa."

Aka yi dariya, ban da Baba.

Washegari da hantsi aka fita bayan gida. Al'adarsu ce, bindigar da ta daɗe ba a harba ba, ba a fara ɗora ta a kafaɗar mutum. Itace ke fara riƙe ta. Akwai wata tsohuwar ɗorawa da suka keɓe, jikinta duk tabo. Aka ɗaure bindigar Kaka a jikin reshe, aka sa wa kunamar doguwar igiya, aka ajiye tsohon turmi can nesa. Kawu ya ɗura baƙin albarushi, awon kullum. Muka koma bayan dutse, ni ina gefen Iya. Aka ja igiya.

Ƙarar ta daki dutsen ta dawo mana sau biyu. Tsuntsaye suka tashi. Maza suka yi shewa, don turmi ya gangara gefe, kowa ya ruga ya duba ramin da aka yi masa.

Ni ban ga faɗuwar turmin ba. Tsoro ya hana ni kallon can, sai na kafa ido a kan abin da na sani, wato jar fatar da Baba ya ɗinka. Hayaƙi ya fita ta bakin bindiga, fari, mai yawa. Amma akwai wani ɗan siriri, bai fi zaren ɗinki kauri ba, da ya fito ta tsakanin ɗinkin fatar, ya miƙe sama, ya ɓace. Na ce a raina ko idona ne.

Baba ya dawo fuskarsa a sake. "Yaya, ka gani? Lafiyarta ƙalau. Yanzu a kwance mini ita in gwada nawa garin a kafaɗata."

Kawu ya ce, "Wannan garin ban yarda da shi ba. In dole sai an gwada, itace ya ɗanɗana."

"Ɗan kaɗan ne a gwangwanin, ba zan ɓata wa itace ba. Kuma ai ranar da ɓarayi suka zo ba ɗorawa ce za ta riƙe mini ba. Gara in san bugunta tun yanzu."

Kofur ya ce, "Haka maza ke magana!"

Fuskar Kawu ta ɗaure. Amma mijin ƙanwarsa ne, baƙonsa ne, ga mutane, ba zai fizge masa abu a hannu ba. Ya ce, "Na faɗa maka. Bindigarka ce, hannunka ne."

Baba ya fara kwance igiya. Na ga hannunsa na hagu ya sauka daidai kan jar fatar, ya riƙe. Hannun da yake tura yadi da shi a ƙarƙashin allura. Na taɓa Iya na raɗa mata. Ba ta ji ba, ta ce, "Me? Ɗaga murya, 'yar nan." Maza bakwai ne a wurin. Ni da ko a aji in malama ta kira sunana sai in ɓuya bayan ta gabana.

"Baba!"

Kowa ya waiwayo. Na ji kunnuwana sun yi zafi.

"Hayaƙi ya fita ta wajen fatar."

Kofur ya yi dariya. "Hayaƙin bindiga ai ko'ina yake bi, yarinya. Koma wajen mata."

Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya zo ya tsuguna a gabana, babban mutum kamarsa. "Hajara, ta ina? Nuna mini."

Na je na sa yatsa. "Nan. Tsakanin ɗinki na huɗu da na biyar. Siriri ne kamar zare, kuma bai bi sauran ba, sama ya yi."

Baba ya daɗe yana kallona. Ina tsammanin faɗa zai yi, na kunyata shi a gaban surukai. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro rezar da ba ya rabuwa da ita, ya shiga farke ɗinkinsa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi in riga ta ɓaci. Fatar ta buɗe. A cikinta akwai baƙin layi na sabon hayaƙi. Kawu ya tofa yawu ya murza ƙarfen da babban yatsa, sai ga tsaga, siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsana.

Kawu ya ce, "Wannan ta gama aiki. Amma tunda ka sha hanya da garinka, bari ka ga abin da ka saya."

Aka mayar da ita jikin ɗorawa, aka ɗura mata garin gwangwanin, aka ƙara wa igiya tsawo. Wannan karon har Kofur sai da ya kwanta a bayan dutse.

Ba zan iya rubuta muku ƙarar ba. Ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta. Da muka fito, bututun ya buɗe gida uku, ya lanƙwashe baya. Reshen da aka ɗaura ta, mai kaurin cinyar mutum, ya dagargaje daidai wurin da fatar take. Wani ɓallin ƙarfe ya nutse a gindin itacen, sai da wuƙa aka ciro shi. Turmi kuwa yana nan inda aka tsayar da shi, ko ƙwarzane bai samu ba.

Kofur ya cire hularsa ya ce, "La'ilaha illallahu." Baba ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da farar rigarsa. Ya sa hannuwansa biyu tsakanin gwiwoyinsa ya matse.

Mun ƙara kwana biyu. Maƙerin Kawu ya sa wa ƙotar bindigar Kaka sabon bututu, aka ba ɗorawa ta gwada sau uku, sannan Kawu ya koya wa Baba riƙo da awon kullum, har ya samu turmi sau biyu a jere. Ya yanka masa ɗan ƙaho na awo, wanda ko an so ƙarawa ba zai ɗauka ba. Ya ce ya mayar da garken shanu nesa da ɗakin yara, ya kuma nemi kare. Sauran garin gwangwanin Baba da kansa ya juye shi a rafi.

Ranar da za mu taho na ga an rataye fasasshen bututun a bangon zaure. Kawu ya ce wa mutanensa, "Duk na nan sunan wanda ya rasa yatsu suke amsawa. Wannan ba ta ci kowa ba. Sunanta Hajara." Na rasa inda zan sa kaina, na gudu wajen Iya.

Mota ta sake shiga da mu daji. Biran na nan a inda muka bar su. Can Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In mun je gida, ke za ki ba Innarku labari. Ni in na fara, an je lafiya kawai zan ce."

Na ce to. Hannunsa na hagu na kan gwiwarsa, a dunƙule, tun shekaranjiya haka yake riƙe da shi. Na san yatsunsa biyar suna nan, na gani da idona. Duk da haka, rabona da in taɓa hannun Babanmu tun ina 'yar ƙarama yana tsallakar da ni titi. Na jira sai da direba ya kunna kaset, yadda ba wanda zai ji, sannan na matsa kusa.

"Baba, don Allah buɗe hannunka in ƙirga."